Dubiyar da Na Hana

A wajenmu ba a barin mara lafiya ya kwanta shi kaɗai. Ko zazzaɓi mutum ya yi sai an cika masa zaure, a yi ta yi masa sannu har ya gaji da amsawa. Wanda bai zo dubiya ba kuwa ana riƙe shi a zuci, ko an warke ba a mantawa. A cikin wannan tarbiyya na tashi, kuma ni ce na tsaya a ƙofar ɗakin da mahaifina yake kwance na hana danginsa shiga. Na rubuta wannan ne don duk wanda gidansu ke noman fadama ko kamun kifi ya san abin da ƙaramin rauni a ƙafa zai iya jawowa, ya kuma san akwai ciwon da sannu take ƙara wa ƙarfi.

Sunana Saudatu, a gida Sauda. Shekarar da na samu gurbin karatun likita, an daɗe ba a kira mu rajista ba, ina zaune a gida ina cika wa Umma kunne. Babana, Malam Ado, manomin shinkafa ne. Gidanmu yana cikin Haɗeja, gonarsa tana can wajen Baturiya. Akwai wani likita, Dakta Bukar, da yake sayen shinkafar gidansa a hannun Baba duk shekara. Shi Baba ya roƙa ya bar ni in riƙa bin su a ɗakin gaggawa na asibitin da yake aiki, wanda kowa ke ce wa imajensi, in ga abin da na ce ina so tun kafin in shiga ciki.

Ranar farko Dakta Bukar ya ba ni doka. "Hannunki a baya. Ba ki taɓa kowa, ba ki gaya wa kowa abin da ke damunsa. In aka ce miki likita, ki ce ba ke ba ce."

Bai san ba sai an hana ni ba. Ni matsoraciya ce tun asali. Da aka shigo da wani ɗan acaɓa da ƙashin ƙwaurinsa a waje, sulalewa na yi na tafi bayan wata bishiyar maina na amayar da kokon da na sha. Sista Talatu, babbar nas ɗin wurin, ta biyo ni da ruwan leda ta ce, "Kurkure bakinki ki dawo. Duk mun yi, wasu ma a kan takalmin Dakta." Na koma. Kullum da faɗuwar gaba nake shiga ƙofar nan, amma a gida da zarar na yi sallama sai a ce, "Likita ta dawo," ni kuma in basar kamar ban ji daɗi ba.

A cikin abubuwan da na gani akwai guda da ya ƙi barin idona. An kawo wani makiyayi a kan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya. Haƙoransa a datse, leɓɓansa sun ja baya kamar mai dariya. Ana kwantar da shi wayar wani ta yi ƙara, sai mutumin nan ya banƙare, ƙeya da dugadugansa kawai suka rage a kan gado. Dakta Bukar, wanda muryarsa ke cika ɗaki, ya koma raɗa. Ya ce, "Tetanus ne. Kowa ya fita." Bai yi mako ba ya rasu. Da na tambayi abin da ya jawo masa, Dakta ya ce ƙaya ya taka a daji.

Daminar shekarar ta yi ƙarfi. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa kamar yadda ta saba, ruwa ya juyo gonaki tun shinkafa ba ta gama bushewa ba. Baba ya tare a gona, suna yanka cikin ruwa har gwiwa suna loda dammuna a kwalekwale. A nan ya taka mataccen kifin kurungu, ƙayar ta shige masa diddige. Ya zare ta da hannu, ya gasa wurin da man shanu mai zafi, ya ɗaure da tsumma ya koma cikin laka. Wane manomi ne zai bar shinkafa a ruwa saboda ƙayar kifi? Mu a gida ba wanda ya ji labari.

Abin da ya faru a makon farko daga baya na ji shi. Baba ya fara cewa muƙamuƙinsa ya riƙe, ya ture tuwo ya nemi kunu. Ƙanwarsa Gwaggo Hajo, da take aure a ƙauyen kusa da gonar, ta ce sanyin ruwa ne, ta dafa masa tafarnuwa da citta. Wani ya ce haƙori ne, aka sayo ƙwayoyi a kyamis. Da wuya ya sanƙare sai aka ce ai mutanen ruwa ne ya taka wa gida, aka yi masa hayaƙi, aka kawo rubutu, wanda ma bai iya haɗiya sosai ba. Da abin ya ƙi, Gwaggo ta ɗauko shi zuwa gida don wanzamin unguwarmu ya yi masa ƙaho a ƙeya.

Bayan la'asar na dawo daga asibiti, na tarar da tsakar gida cike. Umma ta tare ni da fara'a.

"Zo ki ga Babanki, da sauƙi ma. Tun ɗazu yake ta murmushi."

Na ɗaga labule na gan shi jingine da bango, leɓɓansa sun ja baya, haƙora a waje, idanunsa kuwa babu ko ɗigon dariya a ciki. Ina tsaye wani kwano ya faɗi a tsakar gida, na ga bayansa ya zabura ya ɗan lanƙwashe kafin ya sake.

Na durƙusa na rage murya. "Baba, ka taka wani abu a gona?"

Ta tsakanin haƙora ya ce, "Kurungu."

Na tuna dokar Dakta, ban gaya wa kowa sunan ciwon ba, ko da yake sunan yana ta bugawa a kaina. Na fita zaure na kira shi a waya. Ya ce, "Ku kawo shi yanzu. Ku rufe masa ido da ƙyalle, ki ce wa mai adaidaita kar ya danna hon." Gwaggo ta ce ai an riga an aika wa wanzami, ba girma ba ne ya zo ya tarar an tafi. Umma ta kalle ta, ta kalle ni, ta ɗauki mayafinta. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai na ji jikin Baba ya ƙame a kafaɗata kamar itace.

Zan yi ƙorafi, zan kuma yi godiya, domin duka biyun gaskiya ne. Layin yankar kati ya kai bakin baranda, kuma sanin da aka yi mini bai rage shi ba. Amma Sista Talatu na ganin fuskar Baba ta shigar da shi, ta ce katin ya biyo baya. Babbar allurar da ake buƙata babu ita a asibitin, babu a kyamis ɗin gari, sai da aka aika Kano wani direba ya taho da ita washegari. Umma ta sayar da shinkafar da aka ceto, da danshinta, a yadda masu saye suka ga dama, ragonta ma ya bi baya. Asibitin ba shi da ɗakin da aka tanada don irin wannan ciwo. Wani ɗan ɗaki da ake ajiye karyayyun gadaje a ƙarshen baranda aka share. Tagar ba labule, muka rufe ta da zannuwan Umma. Ƙofar tana kuka in an buɗe, Sista ta aika gidanta aka kawo man gyaɗa ta ɗiga a jikin ƙarfen da hannunta.

Da aka tsaga diddigen aka wanke, aka sa masa ƙarin ruwa da robar abinci ta hanci, Dakta Bukar ya ja ni gefe.

"Kin ga irinsa, ba sai na ɓoye miki ba. Ƙara, haske, taɓawa: kowanne zai iya tayar masa da jijjiga, kuma guda ɗaya mai tsawo ta isa ta riƙe masa numfashi. Ba mu da injin da zai yi masa numfashi a nan. Abin da muke da shi allurai ne da shiru."

"Yana jin mu, Dakta?"

"Allurar za ta sa shi gyangyaɗi, amma hankalinsa yana nan, kunnensa ma haka." Ya dubi barandar. "Mutanenku za su zo. Nas ba za ta iya tsare su ba, tana da ɗaki cike da marasa lafiya. Ke za ki zauna a ƙofar nan."

"Dakta, ni fa yarinya ce."

"Na sani," in ji shi, ya wuce.

Suka kuwa zo. Baba mutum ne na jama'a, bai taɓa jin wani ya kwanta bai je ba, yanzu kowa ya zo biyan abin da aka yi masa. 'Yan kasuwar shinkafa, abokan sahunsa na masallaci, masunta daga Baturiya da ƙunshin busasshen kifi, mata da kwanukan kunu da lemo a leda. Ina kan benci, da na hango su sai in miƙe in tare su tun daga nesa, in durƙusa in gaishe su, in ce likita ya hana. Wasu su ce Allah ya sawwaƙe su juya. Wasu su ce leƙawa kawai za su yi. Wani dattijo da ya yi mini goyo ina ƙarama ya dube ni ya ce, "Ni ma, Sauda?" Na ce, "Har kai, Baba." Liman ne ya sauƙaƙa mini, ya tara maza can gindin maina suka yi addu'a a hankali suka watse. Gwaggo Hajo kuwa ba ta raga mini ba.

"Ba a ma shiga makarantar ba an fara raba mu da ɗan'uwanmu. Ran da aka ba ki farar riga sai mu nemi izini kafin mu yi tari."

Ba zan ce maganar ba ta shige ni ba.

A mako na biyu a asibiti aka rubuta wani magani, ba wanda zai gane sunansa sai ni, na bar Umma a ƙofa na tafi kyamis. Umma mace ce da ba ta taɓa ce wa dangin mijinta a'a ba, ko gishirinta na ƙarshe suka nema. Gwaggo ta zo da mata daga ƙauye, sun biya kuɗin mota, sun ce ba za su koma ba su ga Yaya ba. Umma ta sunkuyar da kai ta matsa. Da suka shiga suka ga duhu, wata ta kunna fitilar waya don ta ga fuskarsa, Gwaggo ta kama hannunsa ta ce, "Sannu Yaya," da irin muryar da ake yi wa wanda ake zaton ba ya ji.

Daga tsakiyar baranda na jiyo gadon yana bugun ƙasa. Na yar da ledar na ruga. Baba ya banƙare irin na makiyayin nan, jijiyoyin wuyansa sun fito, leɓɓansa sun fara baƙi, babu iska mai shiga babu mai fita. Matan suka fashe da salati, abin da ya ƙara tsananta shi. Sista Talatu ta shigo da gudu ta watsa su waje, ta zura allura ta hanyar ƙarin ruwan. Ni kuwa na sami kaina a jikin bango, hannuna a baya kamar yadda aka koya mini, ina kallon ƙirjin mahaifina ina jira ya motsa. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Da ya ja numfashi, da wani irin gurnani ya ja shi, sai ga jini a gefen bakinsa inda ya ciji harshe.

A waje Gwaggo tana zaune a ƙasa tana kuka, tana cewa ita sannu kawai ta yi masa. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na kasa yi mata faɗa. Daga ranar ban sake barin ƙofar ba. A nan nake cin abinci, a nan nake shimfiɗa ɗankwali in yi salla. Ko tsuntsu ya yi kuka a kan kwanon rufi sai in miƙe in kasa kunne.

Washegari Dada ta zo, wato kakata, mahaifiyar Baba. Ban sa ran ganinta ba. Baba ɗan farinta ne, kuma Dada ta riƙe kunyar ɗan fari yadda mutanen da suke riƙe ta. Ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba, "ubanku" take cewa. In ya shigo ɗaki ita fita take yi, in ya gaishe ta bango take amsa wa. Ta iso ba sallama, ta tuɓe takalmanta, ta zare awarwaron hannunta ɗaya bayan ɗaya ta zuba mini a tafi don kar su yi ƙara. Ta tsaya tana kallon ƙofar. Ita kaɗai ce ban ji tsoron buɗe wa ba.

Ta shiga ta zauna a ƙasa ta ba gadon baya. Haka ta riƙa wuni, ba ta magana, ba ta taɓa shi, kunne kawai ta kasa. In numfashinsa ya sauya sai ta fito ta ja gefen hijabina, ni kuma in ruga in kira nas. Sista Talatu ta raɗa mini, "Wannan tsohuwa tun haihuwarsa take koyon jinyar nan." Na yi dariya ba sauti, karo na farko tun da muka zo.

Mako na uku ya fi kowanne muni. Zazzaɓi ya shigo, ƙirjinsa ya cushe da tari, jijjigar ba ta ragu ba. Dakta ya daina ce mini da sauƙi, sai dai ya ce mu ci gaba da addu'a. Labari ya zaga gari cewa Malam Ado sai dai haƙuri. Wannan labarin ne ya kawo Baffa Sale.

Baffa Sale ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ina firamare suka ɓata a kan magudanar ruwa da ta ratsa tsakanin gonakinsu na gado. Magana ta yi zafi, aka faɗi abin da ba a faɗa wa ɗan'uwa, Baffa ya sayar da nasa kason ya koma Birniwa. Na sha ganinsu a wurin jana'izar dangi, kowa ya kama gefensa. Wata rana da hantsi na hango shi yana tahowa a baranda, ya rame, gemunsa ya yi fari, tafiyarsa sak ta Baba.

Na tare shi na durƙusa. "Baffa, ina kwana."

"Ke ce Sauda?" Ya dube ni. "An ce ke ce mai ƙofa. Ban zo dubiya ba, 'yar nan. Gafara na zo nema. Kalma biyu zan faɗa in fito."

Na ce ya jira, na ruga wurin Dakta Bukar na gaya masa komai, ina fata ya ɗauke mini. Ya ajiye abin da yake yi ya ce, "Ni abin da jikinsa zai ɗauka zan iya gaya miki. Muryar da bai damu da ita ba ma tana girgiza shi, balle wadda za ta tayar masa da zuciya. Zai iya wucewa lafiya, zai iya zama na ƙarshe. In kin bi tawa, kar a shiga." Ya ƙara da cewa, "Amma ba zan ce miki zai kai gobe ba. Wannan ɓangaren ba a koya mana shi ba."

Na dawo wurin Baffa. Na ce, "Baffa, ko ka shiga ka zauna shiru irin na Dada, ba tare da ya san kai ne ba?"

"To me na je yi? Gafara da baki ake nemanta."

"Baffa, ka yi haƙuri. Ba yanzu ba."

Sai na ga dattijon nan ya sauka ya tsuguna a gabana, mutumin da ko ido bai kamata in haɗa da shi ba. Ya ce, "Ni na zage shi, Sauda, ni ne ƙarami. Shekara da shekaru ina cewa gobe zan je. Kar ki bari ya tafi da abin nan a ransa."

Hawaye suna zuba mini, na girgiza kai.

Ya miƙe a hankali ya kakkaɓe rigarsa. "To. In ya tafi ban nemi gafararsa ba, ke za ki amsa a gaban Allah."

Bai koma Birniwa ba. Ya shimfiɗa tabarma a gindin maina. Kowace safiya sai ya taho har inda simintin barandar ya tsage, 'yan taku kaɗan daga ƙofar, ya tsaya ya dube ni. In girgiza kai, ya juya. Dada takan wuce shi in za ta yi alwala, ba ta taɓa sa baki ba. Umma ta ce, "Ni dai ban san abin da zan ce miki ba." A kwanakin nan tsoro biyu nake kwana da su nake tashi da su. In na buɗe Baba ya mutu, ni na kashe shi. In na rufe ya mutu, ni na raba shi da ɗan'uwansa har lahira. Abinci ya daina shiga mini, na fara tambayar kaina ko ni ce ma zan iya karatun nan.

Sauƙi ya zo a hankali, har ba mu yarda da shi ba da farko. A mako na huɗu zazzaɓin ya sauka. Aka wuni ba jijjiga, aka sake wuni. Wata rana wani yaro ya yi kuka a ɗakin kusa, na daskare ina jiran ƙarar gado, shiru. Sista ta riƙa gwada bakinsa da yatsa: yau kan yatsa ya shiga, bayan 'yan kwanaki yatsa guda. Dakta ya sa aka cire zane ɗaya daga taga, ya ce a bari a ga yadda zai yi da hasken. A nan na ga yadda Baba ya ƙare, kamar an zare shi daga cikin fatarsa.

Ga abin da nake roƙon duk mai karanta wannan. In ƙaya ko ƙusa ko lauje ya ji wa naka a gona, kar a tsaya ga man shanu da tsumma, a je a wanke a yi allurar tetanus a ranar. In kuma mutum ya ce bakinsa ya ƙi buɗuwa, ba haƙori ba ne sai likita ya ce haƙori ne. Allurar da Baba bai yi ba ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Ranar da aka cire masa robar hanci, ina ba shi kunu da ƙaramin cokali, na ji ya ce, "Sauda." Maganar a daƙile take, amma magana ce.

"Na'am, Baba."

"Na ji Sale."

Na ajiye cokalin.

"Ranar da ya zo. Na ji shi a ƙofa. Na yi ta kiransa, bakin bai buɗu ba." Ya huta, ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Na ji kin ce ba yanzu ba."

"Baba, Dakta ne ya ce..."

"Ba Dakta na tambaya ba." Babu faɗa a muryarsa, da faɗa ne da ya fi mini sauƙi. "Da na mutu fa?"

Na sa fuskata a gefen katifa na yi kukan da na yi makonni ina riƙewa, shi ma a hankali, don har lokacin ban saba da ƙara a ɗakin ba. Yanzu ina makaranta, na koyi sunan ƙwayar da ta shiga diddigen Baba da yadda take kama jijiya, amma amsar wannan tambaya har yau ban same ta ba. Na ji hannunsa ya sauka a kaina, mara nauyi.

"Yana nan?"

"Yana gindin maina, Baba. Bai tafi ba tun ranar."

"Kira shi."

Dada, da ta ji ɗanta ya fara magana, ta miƙe ta naɗe tabarmarta. Ta miƙo mini hannu na zuba mata awarwaronta, ta mayar da su, ta ce wa bango, "A gaya wa ubanku na tafi gida." Ta fita tana kacau-kacau, ba ta waiwaya ba.

Na leƙa na tambayi Dakta, ya gyaɗa kai. Na buɗe ƙofar har bango na sa dutse na tokare ta, na je gindin maina na ce, "Baffa, yana kiranka." Ya daɗe yana kallona kamar bai fahimta ba. Ya biyo ni, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Da muka zo inda simintin ya tsage sai ya ja ya tsaya. Ga ƙofa a buɗe, ga yayansa yana hango shi daga kan gado, amma ni ya juyo yana kallo. Sai da na gyaɗa masa kai sannan ya taka.

A bakin ƙofa ya yi sallama da raɗa, can ƙasa, ni da nake kusa da shi ma da ƙyar na ji.

Baba ya juyo da kansa a kan matashi, ya buɗe bakin iya inda ya buɗu.

"Ɗaga murya, Sale," ya ce. "Ban ji ka ba."